Sallar da Inna Ta Ce Ta Ƙoshi

A gidanmu na Kano tuwon sallah ba ya sauka sai rana ta take. Wasu gidajen kan kwana suna girki don a ci da an sauko daga Idi, amma Inna, mahaifiyata, ta ce tuwon da ya kwana sunansa ɗumame ko da ranar sallah ce. Saboda haka mu sai an je Idi an dawo, an cire sababbin kaya an ninke, an ɗaura tsohon zane, sannan a hura wuta. Kafin a kira azahar ƙamshin taushe ya cika layi, kwanuka suna fita wasu suna shigowa, har a rasa wanne ne na gidan wa. Da wannan na tashi, kuma ban taɓa zaton akwai Musulmin da ke cin abincin sallarsa a wani lokaci daban ba, sai da aure ya kawo ni Makka.

Mijina Bahaushe ne, amma a nan aka haife shi, a nan aka haifi uwarsa. Gidansu yana unguwar Mansur, bene ne, kowane ɗa da shiggarsa, wato sashensa, a sama, tsohuwar tana hawan ƙasa. Kowa Sitti yake ce mata, yadda jikoki ke kiran kaka a Makka, har 'ya'yan cikinta sun bi bakin jikokin. Doguwar mace ce mai murya, Hausarta rabi Larabci, in ta yi fushi kuwa Hausar takan gudu ta bar ta. Tana da kirki ƙwarai, sai dai kirkinta a bakin tukunya yake. In ka ci abincinta ka zama nata, in ka ƙi ci ka zage ta.

Su a nan da an sallame Idi, rana ko gama fitowa ba ta yi ba, ake shimfiɗa sufura, shimfiɗar cin abinci, a falon Sitti. Cuku kala-kala, zaitun, wake, soyayyar hanta, burodi mai riɗi, sai kuma dibyaza, wani jan abin zaƙi da ake dafawa da busassun 'ya'yan itace tun sallah da saura kwanaki. Maza da mata, surukai da jikoki, duk a zagaye sufura ɗaya. A ci, a sha shayi, a raba wa yara barka da sallah, sannan kowa ya haye shiggarsa ya ƙure mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ya ja bargo. Daga nan Mansur ta mutu ke nan sai bayan la'asar. Sallata ta farko na ɗan tsakuri burodi da zaitun ina yanga, wai ina ajiye ciki don babban abinci. Babban abincin nan har yau ina jiransa.

To, in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi ka ɗaura. Na ɗaura tawa. Na koyi cika ciki da sassafe, na koyi barcin rana da lalle a hannu, na haifi yara biyu da ba su san wata sallah ba sai wannan. Sai dai duk shekara in azahar ta yi, gida ya yi tsit, nakan ji kewar gida ta taso min.

Ana nan sai Allah ya yi wa Inna zuwa Umarar azumi. Ranar da yayana ya bugo ya gaya min, kamar in zuba ruwa a ƙasa in sha. Abin da ya fi faranta min rai shi ne jirginsu ba zai tashi ba sai washegarin sallah. Tun da na yi aure ban yi sallah da uwata ba, ga shi za ta yi ta a ɗakina. Na canja labule, na wanke abin da ba ya buƙatar wanki, na dami yara da koyon gaisuwar Hausa har ƙaramar ta fara durƙusa wa mai kawo gas. Duk wadda na gamu da ita a layi sai ta ji labari, ko ta tambaya ko ba ta tambaya ba.

Ɗokin Sitti ma bai gaza nawa ba. "Ya binti, uwarki baƙuwata ce, ba taki ba," in ji ta. "Wallahi sai ta koma ta ba da labarin Idin Makka." Ta ninka dibyazarta, ta aika aka sayo sababbin kofunan shayi, ta sa aka fito da faranti masu bakin zinare waɗanda ko taɓa su ba a bari mu yi. Kwana da kwanaki tana gaban tukunya tana juyawa da ciwon gwiwarta, ba ta yarda kowa ya karɓa ba.

Duk goman ƙarshe Inna tana masauki tare da ayarinsu kusa da Harami. Sau da yawa nakan je mu sha ruwa tare a can, wani lokaci in ɗauko ta ta zo ta ga jikoki. Ranar farko da ta zo ta sauke min ƙullin daddawa da man shanu da yajin da ta daka da hannunta. Mijina kuwa yana da shagon darduma da carbi da turare, a azumi ko numfashi ba ya samu, a shago yake shan ruwa. Ya je ya gaishe ta a masauki, sun gaisa a tsaitsaye cikin mutane, shi ke nan. Haka watan ya ƙare ba su taɓa zama a gaban abinci tare ba, ni kuma murna ta hana ni tunanin komai.

Safiyar sallah tare muka yi Idi a Harami. Wanda bai ga wannan safiya ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Kabbara tana tashi ta ko'ina, yara cikin fararen riguna sabbi ƙal suna yawo da kwandunan alewa, wannan ya miƙo maka dabino, wancan ya tsiyaya maka gahawa. Inna ta riƙe hannuna gam, tana kabbara tana share ido, tana cewa, "Ke 'yar nan, yau ni ce nan?" Na ce, "Ke ce, Inna." Ni ma bakina har kunne. Muka kutsa cikin jama'a muka fito, muka sami mota zuwa Mansur, ina ta nuna mata wurare kamar ni na gina garin.

Sitti ta tare mu tun daga ƙofa, ta rungume Inna ta sumbace ta dama da hagu. Inna ta ɗan sandare, amma ta daure. Aka zaunar da ita a kan gaba, kusa da Sitti. Sai 'ya'ya suka jeru kamar yadda suka saba, kowa ya sunkuya ya sumbaci kan uwarsa. Mijina ya sumbaci kan Sitti, kafin in ankara ya zarce kan Inna, ya kama kanta da hannu biyu ya manna mata sumba a goshi.

"Subhanallahi!" in ji Inna. Ta ja mayafi ta rufe fuska har haɓa. Yara suka fashe da dariya, ni ma sai da na toshe baki. A Kano surukin kirki daga bakin ƙofa yake tsugunawa, kansa a ƙasa, ya gaisar ya tashi. Shi kuwa bawan Allah ya koma ya zauna daidai gabanta yana murmushi, shi a dole ya girmama surukarsa.

Sitti ta cika faranti mai bakin zinare ta ajiye a gaban Inna. "Bismillah ya Hajiya, tafaddali."

Inna ta ce, daga cikin mayafi, "Alhamdulillahi, na ƙoshi."

"Kin ƙoshi? Da me? Da dabinon Harami?" Sitti ta yi dariya, ta ƙara matso da farantin. "Yau Idi, babu na ƙoshi. Ki ɗanɗana dibyaza, da hannuna na yi saboda ke."

"Allah ya saka da alheri, Hajiya. Allah ya ƙara buɗi. Na ƙoshi."

Nan take na gane. Inna ba za ta buɗe baki ta tauna abinci a gaban mijin 'yarta ba ko da wuƙa za a ɗora mata a wuya. Na buɗe baki zan yi bayani, sai na ji Inna ta mintsine ni a cinya, mintsinin da rabona da shi tun ina 'yar firamare. A wurin Inna, a faɗi dalilin a gabansa ya fi cin abincin muni. Mijina kuma ya zo ya ƙara wa wuta fetur. Ya yagi burodi, ya dangwalo cuku da zuma, ya miƙo hannu ta saman sufura. "Ya Inna, daga hannuna, ko loma ɗaya." Inna ta juya fuska ta fuskanci bango.

Na ga fuskar Sitti tana sauyawa. Ta dubi farantin, ta dubi Inna, ta dube ni. Hausar ta gudu. Ta yi magana da Larabci, ba da ƙarfi ba, cewa ai ta sani abincinsu na talakawan Makka ba kowa yake yi wa daɗi ba, ba a tilasta wa baƙo. Ta ɗauki murfi ta rufe kwanon dibyaza. Aka ƙarasa cin abincin ba mai kallon wani, ko shayin da takan raba da hannunta ba ta raba ba, ta ce kanta yana ciwo ta shige ɗaki.

Na hau sama da Inna. Raina ya ɓaci ƙwarai. Sallah ɗaya tak Allah ya ba ni da uwata, ga shi za ta yi ta da yunwa, gobe ta hau jirgi, ta bar ni da surukar da ta ɗauka an wulaƙanta ta a gaban 'ya'yanta. Na san Sitti, irin wannan ba ta mantawa. Mijina ya tambaye ni a hankali ko ya yi wani laifi ne, na ce ya je ya kwanta za mu yi magana. Yara ma suka ɓingire da alewa a hannu.

Da muka keɓe, Inna ta yaye mayafi ta sauke numfashi. "Ke 'yar nan, haka kuke zaune a garin nan? Kowa baki buɗe a gaban kowa? Kuma yaron nan, me ya kai shi kaina?"

Na ce, "Inna, girmamawa ce a wurinsu."

"To Allah ya ba da lada. Amma ni dai ba da ni ba." Sai cikinta ya yi ƙugi, mu duka muka ji. Ta kalli ƙofar ɗakin barci. "Ya yi barci?"

"Ya yi."

"Barci na sosai?"

"Inna, ko ganga aka buga ba zai tashi ba sai la'asar."

Ta miƙe tsaye ta gyara ɗaurin zane. "To ina tukunyarki? Rana tana neman takewa, wace irin sallah ce ba a ɗora tukunya ba?"

Wallahi ban san lokacin da murna ta dawo min ba. Na manta da Sitti, na manta da jirgin gobe. Na buɗe firji na fito da haƙarƙarin rago da kabewa da alayyahun da na saya don in yi mata guzuri. Na wanke shinkafar Masar, wadda ita ce ke yin tuwo mai danƙo a nan. Inna ta kwance ƙullin daddawarta ta shinshina ta ce, "Yauwa." Na jawo na'urar markaɗe, ta harare ni ta ce taushen sallah da jajjage ake yinsa, ba ruwan tattasai ba. Na ce daka zai tashi mutane. Ta ce a ninka tawul a ɗora turmi a kai. Aka ninka, aka ɗora, ta zauna a ƙasa ta ware ƙafa ta shiga daka, ni ina tuƙi ina dariya, gumi yana zuba. Tana yi tana ba ni labarin layinmu, wadda ta haihu, wadda ta yi yaji ta dawo, wanda ya sayi mota bai iya tuƙi ba. Ta ɗanɗana miyata ta ce gishirin Makka ba shi da kunya. Rabona da farin ciki irin na wannan rana an daɗe. Abin da mu duka ba mu tuna ba shi ne, kicin ɗina daidai saman ɗakin barcin Sitti yake.

Ana kiran azahar tuwo ya sauka. Muka yi salla, na malmala mata a babban kwano, na zuba miya, na kwarara man shanu. Inna ta zauna a ƙasan kicin, ba mayafi, ta naɗe hannun riga, ta yi bisimilla ta kai loma. Ta lumshe ido. Ta kai ta biyu, ta kamo haƙarƙari tana gwagwiya, sai muka ji an turo ƙofa.

Sitti ce, tana haki saboda hawan bene, hannu ɗaya a gwiwa. "Esh hada? Mene ne wannan? Wa ke daka a kaina ranar Idi?" Sai idonta ya sauka a kan Inna, ƙashi a hannu, mai a baki. Ta tsaya. Ta gyaɗa kai a hankali ta ce, "Wato kin ƙoshi."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Amma Inna ko a jikinta. Ta ajiye ƙashin, ta leƙa bayan Sitti ta tabbatar ba namiji, sannan ta ce, "Hajiya, shigo ki zauna, yanzu mu mata ne zalla. Ba abincinki na ƙi ba, wallahi tun safe raina yana kan jan abin nan naki mai zaƙi. Ɗanki ne a gabana. A wurinmu mace ba ta cin abinci a gaban mijin 'yarta. Kunyarsa ake ji, girmansa ne ya kai haka. Da ban ɗauke shi mutum ba, ai da na ci na sha na yi gyatsa."

Sitti ta juyo gare ni. "Ya binti, faɗa min da Larabci, kada in ji ba daidai ba." Na faɗa mata. Ta ce in sake. Na sake.

Sai ta dafa bango ta zauna a ƙasa, ita da ba ta zama a ƙasa sai da matashi biyu. Ta dubi kwanon. Da ta yi magana, da Hausa ta yi, Hausar da ban taɓa jin ta yi mai tsawo haka ba.

"Kakata, uwar uwata, da ƙafa ta zo garin nan daga ƙasarku. A gidanmu ta zauna har ta rasu. Duk Idi ubana zai zuba mata abinci da hannunsa, ya kai gabanta, ta juya baya. Da azahar, kowa na barci, sai ta hura ɗan murhunta a bayan gida ta yi tuwo ta ci ita kaɗai. Ubana haifaffen nan ne, maraya ya tashi, ba wanda ya gaya masa. Har ya koma ga Allah yana cewa, me na yi wa tsohuwar nan?" Ta share ido da gefen gyale. "Ni kuma na riƙe ta a zuciya saboda shi. Takan leƙo ta yafito ni in zo mu ci, in yi kamar barci nake."

Tausayinta ya kama ni. Inna ta ce, "Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Ai yanzu sun gane juna." Ta jawo robar wanke hannu ta tura gaban Sitti, ta juya kwanon ta ɓangaren da ba a taɓa ba.

Sitti ta wanke hannu. Ta gutsuri tuwo yadda ba a gutsura, da yatsu biyu, Inna ta kama hannunta ta nuna mata yadda ake murzawa a yi masa rami. Ta kai baki, hawaye na zuba, yaji ya kama ta, ta yi tari, ta ce, "Wallahi har warin daddawar iri ɗaya." Inna ta ce ƙamshi ake cewa. Suka yi dariya su biyu, irin dariyar da ke zuwa bayan kuka. Sitti ta juyo ta daka min tsawa, wai me nake tsaye ina kallon mutane, in sauka in ɗauko dibyaza da faranti mai bakin zinare.

Na sauka da gudu kamar yarinya, na hawo da kwanon a rungume. Na tarar sun ci rabin tuwon, Inna tana tsame wa Sitti nama mai laushi. Na zuba mata dibyaza, ta kai cokali ɗaya ta ce, "Ikon Allah, ashe haka na cuci kaina tun safe." Sitti ta ƙara mata tun ba ta cinye ba.

Ana cikin haka muka ji ƙofar ɗakin barci ta buɗe. Mutumin da na rantse ganga ba ta tashinsa, ƙamshin man shanu ya tashe shi. Muka ji takunsa yana nufo kicin yana hamma, yana tambayar me ake dafawa. Inna ta saki cokali ta fara laluben mayafi. Kafin ta same shi Sitti ta miƙa doguwar ƙafarta ta danne ƙofar.

"Kada ka shigo, ya waladi! Koma ka kwanta. Surukarka tana cin abinci."